Auta Yana Ƙanƙara

Dokin ya sake zamewa a gangaren, ya yi ƙasa da mahayinsa, talabijin ta yi baƙi. Malama ta ajiye hannun gem ɗin, abin da ake sarrafa wasan da shi, a cinyarta ta dubi agogon bango.

"Na ce miki kar ki danna na dama," in ji Kyaftin daga wajen teburinsa, yana kwance wata waya da ta sarƙe. "Na dama tsalle ne. Wa yake tsalle a bakin rami?"

"Wa yake yin hanya a bakin rami?"

"Ba ni na yi ta ba, Malama."

Tun da hantsi take shagon. Shago ne siriri mai tsawo, talabijin jere a jikin bango ɗaya, kujerun roba a gabansu, fanka biyu a sama, ɗaya ce ke juyawa. Ita kaɗai ce mace a ciki, ita kaɗai ce kuma ta haura arba'in. Labarin ƙasa take koyarwa a sakandare, kuma jakarta da ke ƙarƙashin kujera cike take da takardun ɗalibai da ba ta duba ba.

Mahaifinta yana kwance a asibiti, za a yi masa aikin zuciya da la'asar. Likita ya yi bayani a tsaye, bai yi alkawarin komai ba. Da safe Baba ya ce abu ɗaya yake so kafin a shiga da shi, ya ji muryar Auta.

Auta ƙaninta ne, ya kusa talatin. Bara ya bar gida, a ranar da ya ji a bakin maƙwabta cewa Baba ya sayar da shagon da ya daɗe yana roƙon a bar masa. Baba ya ce ba zai danƙa sana'arsa ga mutumin da ke kwana a gaban talabijin yana kashe dodanni ba. Auta ya haɗa jakarsa, ya canja lambar waya, ya koma wani garin da babu wanda ya san sunansa. Abu ɗaya bai canja ba, shi ne gem ɗin. Wannan ne ya kawo ta wajen Kyaftin, mai shagon da Auta ya yi shekaru yana wasa a cikinsa.

Kyaftin ya nuna mata sunan Auta a gefen talabijin, da ɗigon kore a jikinsa.

"Kore na nufin yana ciki yanzu haka. Amma ya rufe saƙo, ya ɓoye kansa a taswira. Sai dai mutum ya je kusa da shi ya yi magana, kamar a zahiri."

"Yana ina?"

"Ya taɓa turo min cewa yana wajen ƙanƙara."

A lokacin ta ji sanyi a ranta. Sai da Kyaftin ya buɗe taswirar ta ga abin da ke gabanta. Wata ƙasa ce ta ƙirƙira, can ƙarshen duniya inda rana ba ta yin sama sosai, kuma fiye da rabinta fari ne fat. Akwai duwatsun da dusar ƙanƙara ta lulluɓe. Akwai tafkin da ya daskare har ana tafiya a kansa. Akwai bakin teku inda manyan curin ƙanƙara ke yawo a ruwa, akwai wani tudu mai faɗi da ƙanƙara ke zuba a kansa kamar tsakuwa. Masu gem ɗin sun ba kowanne sunansa daban a yarensu. Kyaftin da abokan wasansa kuwa duk ƙanƙara suke ce musu.

"Wacce daga ciki?" ta tambaye shi.

"Bai ce ba."

Da duwatsun suka fara. Kyaftin yana riƙe hannun a wuraren faɗa, in an samu miƙaƙƙiyar hanya ya ba ta ya koma ga masu shigowa. Ta sa abin magana a kunne a kan ɗankwalinta. Duk inda ta hangi mutum sai ta matsa kusa ta ce, "Auta? Yaya ce." Wani ya amsa mata da yaren da ba ta taɓa ji ba. Wani ya yi ta tsalle a gabanta ba dalili. Wani ya sare ta da gatari ya tafi da dokin.

Yanzu talabijin ta dawo, mutumin nata mai rigar gashi da takobi ya sake bayyana a gindin dutsen da ta yi rabin sa'a tana hawa.

"Bar dutsen nan," in ji Kyaftin. Ya jawo kujera ya karɓi hannun. "In da yana sama da mun ga hayaƙin wutarsa. Mu gwada tafki."

Hanyar tafkin ta ratsa wani kurmi na dogayen bishiyoyi masu ganye kamar allura, duhu a ƙarƙashinsu, kyarketai suna kuka daga nesa. Suna fita daga kurmin sai ga fadama, ruwa baƙi da hazo kwance a kansa, kwaɗi na ƙara. Bayan fadamar ƙasa ta koma ja da rawaya, tururi na tashi daga ramuka, ruwa yana tafasa a tsakanin duwatsu, wasu 'yan wasa sun tuɓe sulke suna zaune a ciki.

Malama ta gyara zama.

"Tsaya. Yanzun nan muka bar dusar ƙanƙara har gwiwa."

"Eh."

"Sai fadama da kwaɗi. Sai ruwan zafi. Duk a tafiyar da ba ta kai daga nan zuwa tasha ba."

"Shi ne daɗin gem ɗin ai. Ba ka gajiya da kallo."

"Ni na gaji. Wane ne ya zana wannan ƙasar? Dubi kogin can. Daga fadama ya taso yana hawa dutse. Da ɗalibina ne ya kawo min wannan da sifili zai tafi gida."

Mai aski na shagon kusa, wanda ya leƙo tun ɗazu da almakashi a aljihun gaba ya kasa komawa, ya yi dariya.

"Malama, ƙasar da dodo ke tashi sama yana aman wuta kike nema wa ƙa'idar kogi?"

"Dodon ƙarya ne, kowa ya sani. Kogi kuwa akwai shi."

"Kyaftin, ka ba ta lambar masu gem ɗin ta gyara musu."

"Kai je ka ƙarasa kan mutumin da ka bari rabi," in ji Kyaftin, idonsa a talabijin.

Tafkin ya fi duwatsun muni. Shimfiɗe yake fari har iyakar gani, babu bishiya, babu dutsen da za a yi alama da shi, sai 'yan bukkokin masu kamun kifi a warwatse. Suka bi su ɗaya bayan ɗaya. Malama ta yi ta kiran sunan har maƙogwaronta ya bushe. Samarin da ke buga ƙwallo a talabijin ta kusa sun daina yi mata dariya tuni, ɗayansu ma ya rage ƙarar tasu. A bukka ta ƙarshe ƙanƙarar ta tsage a ƙarƙashin dokin.

A daidai nan aka ɗauke wuta.

Fanka ta yi juyi biyu ta tsaya. Kyaftin ya fita baya yana magana ƙasa ƙasa, aka ji shi yana jan igiyar janareta, tana tari tana mutuwa. Malama ta zauna a cikin zafi, gumi na bin bayanta, tana kallon fuskarta a baƙar talabijin. Ta wuni a cikin sanyin da ba ta ji ko kaɗan ba.

Da wuta ta dawo sai da na'urar ta ɗauki lokacinta tana tashi. Ɗigon Auta yana nan kore.

"Saura teku da tudu," in ji Kyaftin yana goge hannu a wando. "Suna nesa da juna, wannan gabas wannan yamma. Ba za mu iya duka biyun ba kafin la'asar. Ki zaɓa."

"Ni zan zaɓa? Kai ne abokinsa."

"Ke ce yayarsa."

Ta san Auta ba ya cin yaji, ta san yana barci da ƙafa ɗaya a waje. Ba ta san ko teku yake so ko tudu ba, a ƙasar da ya zauna cikinta fiye da yadda ya zauna a falon gidansu.

Wayarta ta yi ƙara. Mama ce.

"Yayarsu, kin same shi?"

"Ina kan nema, Mama."

"Sun zo sun canja masa riga. Sun yi masa wata allura, sun ce ta kwantar da hankali ce, amma ni dai ban ga hankalin ya kwanta ba. Sai surutu yake. Wai me ya sa muke wahalar da kanmu, a je a duba yaron a Ƙanƙara, can yake ɓuya in ya yi laifi. Na ce masa Ƙanƙara kuma ta ina, kai da ka sayar da ita da hannunka, yanzu ma taya ake sayarwa a wurin. Ya ce ni dai a duba bayan firiza ta biyu."

Malama ta zuba wa farar taswirar da ke talabijin ido.

"Kina ji na?"

"Ina ji. Kar ki kashe wayarki, zan kira."

Ta juya ga Kyaftin.

"Nuna min saƙon da ya turo maka. Kar ka faɗa min, nuna min."

Ya yi ta gungurawa sama har ya kai. Saƙon gajere ne, na watannin baya. *In kana nemana ina Ƙanƙara.*

"Ka ce min yana wajen ƙanƙara."

"To ba shi ke nan ba?"

"Ba shi ba ne."

Ƙanƙara Baba yake sayarwa tun kafin a haife ta, manyan bulo da masu kifi da masu lemo ke zuwa ɗauka da sassafe. Shagon ba shi da suna a jikin allo, kuma a gidansu ba a taɓa ce masa shago ba. Ina Baba? Yana Ƙanƙara. Kai wa Baba abinci Ƙanƙara. Kyaftin bai san wannan ba, a gaban talabijin ya san Auta. Ita da ta sani, ba ta nemi ganin saƙon ba.

"Ana gini a cikin abin nan?" ta tambaye shi.

"Ana yi. Amma a wuri ɗaya kawai aka yarda, a kwarin kudu, bayan duwatsu." Ya ja taswirar ƙasa ya nuna wani siririn wuri launin ƙasa a gefe. "Ba mai zuwa can. Ba dodo, ba taska, ba komai sai busasshiyar ciyawa. Ko ƙanƙara ba ta sauka."

"Ba za ta sauka ba ai, duwatsun sun tare iskar. Wannan kam sun yi daidai. Mu je."

"Malama, in muka juya kudu mun bar teku da tudu ke nan. In ba ya can fa?"

"Mu je."

Kyaftin ya kori dokin ba tsayawa. Suka koma ta wajen ruwan zafi, suka yanki gefen fadama, suka shiga wani dajin da ganyensa duk ya koma ja da ruwan zinare yana zuba a hanya. Wani ƙato mai kulki ya biyo su, Kyaftin ya kauce masa ya wuce. Suka bi wani matsatsin wuri tsakanin duwatsu biyu inda iska ke hura dusar ƙanƙara a kwance, ba a ganin ko kan dokin. Malama tana duba agogo tana duba hanya. Ba ta ƙara cewa komai a kan koguna ba.

Suna fitowa ta ɗaya gefen fari ya ƙare kamar an yanke shi da wuƙa. Kwari ne mai faɗi, ciyawa rawaya, 'yan gajerun itatuwa nan da can, rana a buɗe. Gine ginen 'yan wasa suna warwatse a ciki: hasumiyoyi, gidajen sarauta masu tutoci, wani jirgin ruwa da aka gina a kan tudu, yawancinsu an bar su rabi.

"Wanne?" in ji Kyaftin.

"Yi a hankali. Ba babba ba ne."

Ita ta fara hango shi, a can gefe inda hanya ta yi kwana. Ɗaki ɗaya ne mai rufi a kwance, da rumfa a gaba, da matakala biyu, ta ƙasan ta fi ta saman faɗi. An haƙa 'yar kwata daga bakin ƙofa zuwa hanya, inda ruwan narkewa ke bi.

"Wannan?" Kyaftin ya dube ta. "Wannan ai kamar shagon..." Bai ƙarasa ba. Ya miƙa mata hannun. "Na hagu tafiya. Kar ki taɓa na dama."

Ta sauka daga dokin, ta hau matakalar, ta shiga. Auta ya yi firiza da akwatunan dutse irin na ajiye taska, biyu a jere a jikin bango, ya cika su da fararen bulo. Buhuna a kusurwa. Ƙugiya a rataye a ƙusa. Kusa da ƙofa akwai kujera mai hannu, an ɗan karkatar da ita tana kallon hanya, babu kowa a kai. Bayan akwati na biyu wani mutum mai sulke da gatari a baya yana zaune a ƙasa, sunan Auta a saman kansa.

"Auta. Yaya ce."

Mutumin bai motsa ba.

"Na san kana ji. Baba yana asibiti, za a yi masa aikin zuciya yanzun nan. Ya ce yana son jin muryarka. Ban zo yi maka faɗa ba, ba ni da lokacinsa ma."

Iskar gem ɗin tana kaɗa ciyawa a waje.

"Wataƙila ya bar shi a kunne ya fita," in ji Kyaftin a hankali. "Suna yin haka."

"Tun safe nake faɗawa rami saboda kai," ta ce da talabijin. "An sare ni da gatari. Na nutse a tafki. Ka buɗe baki ka yi magana."

Ta ciro waya ta kira Mama, ta sa a lasifika, ta kara ta a bakin abin maganar.

"Sun zo da gadon da za su tura shi a kai," in ji Mama. "Ga shi nan, yi sauri."

Aka ji motsin zane, sai numfashin Baba, sai muryarsa a sanyaye, kalmomin suna jan juna.

"Kin same shi?"

"Na same shi, Baba. Yana Ƙanƙara. Yana jin ka."

"Bayan ta biyu?"

"Bayan ta biyu."

"Na faɗa musu." Ya yi tari. "Auta. Kai Auta."

Mai aski yana tsaye a ƙofa. Mutumin mai sulke yana zaune inda yake.

"Ba zai amsa ba," in ji Baba. "Haka yake in ya yi fushi. To ka ji, in za ka zauna a nan ka zauna, amma ka rufe min firizar nan. Kullum sai ka bar ta a buɗe sanyi yana fita."

Sai a lokacin Malama ta lura murfin akwati na biyu a ɗage yake. Ta zuba masa ido. Mutumin mai sulke ya miƙe tsaye. Ya zagayo gaban akwatin, ya tsaya, murfin ya sauko ya rufe da ƙarar dutse.

"Ya rufe, Baba."

"Ya rufe?"

"Na gani da idona."

"To," in ji Baba. "To, shi ke nan."

Wata muryar mace ta ce a ba su hanya, ƙafafun gado suka yi ƙara a kan tayil, Mama ta ce wani abu da bai fito ba, wayar ta katse.

Malama ta ajiye ta a cinya. Kyaftin ya tashi ya koma teburinsa ya kama wayar da ya riga ya kwance yana sake naɗe ta. Ta kai hannu za ta cire abin kunnen ke nan ta ji ƙarar shaƙar hanci a ciki, sannan murya, a dushe, ta fi yadda ta san ta kauri.

"Yaya."

Ta tsaya.

"Ya tafi?"

"Sun shiga da shi."

"Na danna abin magana. Na danna, na kasa... Wane asibiti ne?"

Ta gaya masa sunan asibitin, da hawa na nawa, da ƙofar da ake bari a buɗe bayan lokacin ziyara. Ya ce in ya samu motar yamma zai iso kafin gari ya waye. Ta ce ya ba ta lambarsa tukuna. Ya karanto, ta sa a waya, ta kira, ta ji tana ƙara a can ɓangarensa, sannan ta yarda.

Ta sunkuya ta jawo jakarta daga ƙarƙashin kujera. Kafin ta miƙe ta sake duban ɗakin da ke talabijin, buhunan, ƙugiyar, kujerar da babu kowa a kai.

"Auta."

"Na'am."

"Ƙofar Ƙanƙara koriya ce. A nan ka yi ta shuɗiya."

"Babu koren fenti a kwarin nan. Sai an haura tudu."

"To ka haura," ta ce, ta cire abin kunnen ta miƙa wa Kyaftin.